Yadda Za Ka Shekara Kana Rubuta Littafi Ba Tare Da Ka Ɓata Shafi Ko Ɗaya Ba

Malam marubuci, gyara zama. Idan ka bi matakan nan goma yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka cika wata goma sha biyu cur kowa yana rantsuwa littafi kake rubutawa. Matarka za ta riƙa tsawata wa yara su yi shiru, maƙwabta za su riƙa yi maka sannu da ƙoƙari, littafin kuwa zai zauna fari fat kamar ranar da aka ɗinka shi. Ba labari na ji ba, ni na gwada da kaina.

Kada kuma ka ɗauka rago ne yake maka magana. Shekara goma sha bakwai ke nan da rubutu nake ci. Ni nake rubuta wa manya jawabin da suke karantawa suna tuntuɓe, ni nake rubuta tallan sabulu na rediyo, kuma duk mako ina da fili a jarida inda nake sanar da mutane cewa damina ta zo, ko da ba su lura ba. Saboda haka abin da zan koya maka ba rashin iyawa ba ne. Gwaninta ce.

Mataki na ɗaya: Yi alkawari a gaban shaida

Aikin da ba mai jiransa ba shi da daɗin ƙin yi. Nemo wanda zai jira ka, kuma ya kasance wanda kake jin nauyinsa.

Ni mahaifina na samu. Baba maɗinkin littattafai ne. Shekara arba'in yana zaune a wani ɗan shago bayan maɗaba'a, da allura da zare da gam da kwali, yana haɗa littattafan da suka wargaje. Farkon bazarar bara likita ya gaya masa jijiyar idonsa tana mutuwa a hankali, kuma ba maganin da zai dawo da ita. Shekara guda, in ji likita, ko ƙasa da haka.

Baba ya koma shago ya yi kwana uku yana aiki, ya fito da littafi mai shafi ɗari uku, bangonsa baƙar fata, ba ko ɗigo a ciki. Ya kira ni, ya kira yayata, ya ɗora mini shi a cinya.

"Wannan ne ɗinkina na ƙarshe," in ji shi. "Ka rubuta mini uwarku a ciki. Ina so in karanta da idona kafin ya tafi."

Lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar Inna.

To a nan za ka nuna kai ƙwararre ne. Kada ka ce za ka yi ƙoƙari. Bugi ƙirji. Ni cewa na yi, "Baba, wata uku ma ai ya yi yawa."

Yaya ta ce, "Na dai ji da kunnena."

Mataki na biyu: Gyara wurin aiki

Babban aiki ba a fara shi a kan tebur mai rawa. Kira kafinta. Idan ya gyara ƙafar, ka lura taga tana gefen da bai dace ba, ka ja teburin zuwa ɗaya bangon. Idan ka kai shi can za ka ga haske yana dukan ido, sai ka dawo da shi inda yake. Mako biyu ya tafi, kuma kowa ya ga gumi a goshinka.

Sai biro. Kada ka kuskura ka taɓa takarda mai daraja da biron da ka tsinta a aljihu. Sayo kala takwas. Gwada su a bayan ambulan, ba a cikin littafin ba. Ɗaya yana zubar da tawada, ɗaya yana ƙage, ɗaya ya cika sirantaka, ɗaya kuma ba shi da laifi ko kaɗan, wannan shi za ka fi yi wa zargi.

Matata ta leƙo ranar da na jera su, ta ce, "Maigida, shago za mu buɗe ne?"

Kada ka amsa irin wannan tambayar. Ɗaga hannu ɗaya, alamar wani tunani yana sauka.

Mataki na uku: Da bazara, ɗora laifi a kan zafi

Allah ya yi wa marubuci gata da ya raba shekara kashi-kashi, kowane kashi da uzurinsa. Na bazara ya fi sauƙi. Hannu yana gumi, gumi yana ɓata takarda, takardar kuma ba irin ta kasuwa ba ce. Wane ɗan kirki ne zai ɗiga wa ɗinkin ubansa na ƙarshe gumi?

Amma kada ka zauna haka, za a gane. Rubuta wani abu dabam. Ni na rubuta wa jarida "Zafi da Haƙurin Ɗan Adam", kalma ɗari takwas, cikin minti arba'in, ina gumin da na ce ya hana ni rubutu. Edita ya ce ban taɓa yin mai kyansa ba.

Duk ranar Asabar da safe nakan je gaishe da Baba. A lokacin yana karanta jarida da tabarau, har da ƙananan rubutun da ke ƙasan hoto. Zai naɗe ta ya ce, "Ina aka kai?"

Haddace wannan amsar: "Ana tattara bayanai." Ka lura ban ce "ina" ba. "Ana" na ce, don kada a san wanda za a kama.

Mataki na huɗu: Koyi fuskar aiki

Zauna. Ajiye littafin a gabanka a rufe. Tsura wa bango ido, ka ɗan yamutsa goshi, jefi-jefi ka yi ajiyar zuciya. Idan an kawo maka shayi kada ka ce an gode sai bayan an juya, don a san daga nesa ka dawo.

Wata biyu wannan fuskar ta ciyar da ni. Yara suna tafiya a kan yatsu. An daina aika na kasuwa. Har ranar da matata ta zo goge tebur, ta ɗaga littafin, ta goge ƙarƙashinsa, ta mayar, ta ce, "Duk gidan nan ba wanda ya kai littafin nan hutawa."

Irin wannan ranar ka canja fuska, ka ɗauko ta wanda ba a fahimce shi ba. Ita ma tana kai wata guda.

Mataki na biyar: Da damina, ɓoye shi don lafiyarsa

Takarda tana shan danshi, kowa ya sani. Naɗe littafin cikin leda biyu, ka ɗora a saman kabad, inda sai an taka kujera. Ka ga yanzu ba ƙin rubutu kake ba, kula kake da shi.

Sai dai in gargaɗe ka, damina ta fi kowane lokaci haɗari. Wata ranar da la'asar ana tsuga ruwa, rufin ɗakina ya fara yoyo, matata ta kawo roba ta tara. Da na ji ɗigon farko ya faɗa, sai ga Inna tsaye a gabana. A gidanmu na da, idan ruwa ya sauko, takan jera tukwane da kwanoni ƙarƙashin yoyo, ta ce kowanne da muryarsa, ta sa mu rufe ido mu faɗi wanda ya kusa cika. Shekara talatin ban tuna ba. Jimlar farko ta zo mini a shirye, har da inda aya za ta zauna.

Idan haka ta same ka, tashi da sauri. Nemi tsani, nemi ƙusa, kira mai gyaran rufi, yi faɗa da shi a kan kwano. Kafin ka gama, jimlar ta gaji ta tafi.

Tunda mu biyu ne, bari in gaya maka gaskiya sau ɗaya. Tsoro nake ji. Gani nake idan na sa ta a takarda, na yarda ke nan ta tafi. Jawabin wani ba ya ciwo, tallan sabulu ba ya ciwo. Wannan yana yi.

To, ya isa haka. Mu koma kan darasi. A wannan makon na rubuta wa jarida "Albarkar Ruwan Sama". Baba ya karanta kan labarin da gilashin da ke ƙara girman rubutu, sauran ya ce zai duba daga baya.

Mataki na shida: Yi bincike

Bincike shi ne babbar rigar mai ƙin aiki. Sayi ƙaramin littafin rubutu, wani dabam, ka fara zagayen dangi kana tambayar yadda marigayiya take. Za a ba ka abinci, za a yi maka addu'a, za a ce Allah ya ba kowa ɗa irinka.

Kuskure ɗaya kawai za ka guje wa: kada ka je wurin wadda ta goya ka. Ni na je.

Na zauna a falon Yaya, na buɗe ɗan littafina, na ce, "Yaya, me za ki iya tunawa game da halayen Inna?"

Ta ajiye tsintsiya ta dube ni daga sama har ƙasa. "Halayen wa? Kai da ka shekara biyu goye a bayanta, kai ne yau kake bincike? Ɗan jarida ka zo ko ƙanena?"

"Yaya, ba ki san yadda aikin nan yake ba."

"Ban sani ba. Abin da na sani, jiya Baba ya zuba shayi a gefen kofi, ya zube a tabarma, ya yi kamar bai ji ba. Shafi nawa ka rubuta?"

Idan an matsa maka haka, yi fushi a madadin adabi. Ce rubutu ba wanki ba ne da ake ƙirga kaya. Ɗauki hularka. Kada ka waiwaya, domin tana tsaye a bakin ƙofa kuma ba harararka take yi ba, abin da ke fuskarta ya fi harara muni.

Mataki na bakwai: Da kaka, fara ba da lamba

Da kaka kowa yana shigo da abin da ya noma, ba zai yiwu kai kaɗai ka ce har yanzu ana tattara bayanai ba. Lokacin lamba ya yi. Kada ka ce ɗari, ana zargin lamba mai santsi. Ce ɗari da goma sha bakwai.

Kuma ka karɓi duk aikin da ya zo. Shugaban ƙungiyar masu sayar da taya yana son jawabin cika shekara, karɓa. Wata makaranta tana son tarihin kafuwarta, karɓa. Mutumin da aiki ya yi wa yawa ba a ce masa rago.

Wata Asabar na ce, "Baba, an kai ɗari da goma sha bakwai."

Yana zaune a tsakar gida, ya juya fuskarsa inda muryata take, ya ɗan kauce kaɗan. Ya ce, "Kawo abin da ya samu mana in fara gani. Manyan baƙaƙe ina ɗan gane su da safe."

Na ce, "Baba, a sana'armu ba a nuna aiki sai ya kammala."

Ya ce, "To."

Ka yi hattara da "to" ɗin uba. Ba shi da ƙara, amma sai ya raka ka har gida.

Mataki na takwas: Da sanyi, jira kawai

Wannan matakin ba ya buƙatar dabara. Yatsu sun ƙage, ba su riƙe biro da kyau, rubutu zai fita a karkace. Sa rigar sanyi, rubuta wa jarida wani abu a kan yadda shekara take gudu, ka jira.

Cikin sanyin nan Baba ya rufe shago. Ya raba allurai da zare ga abokan sana'a, ya riƙe wuƙar datse bakin littafi kaɗai. Da na shiga gaishe shi, tun kafin in yi sallama ya kira ni, na yi murna, na ce ashe idon da sauƙi. Ya ce a'a, takalmina ne yake ja a ƙasa tun ina yaro. Sannan ya miƙo mini jarida, a juye, ya ce in karanta masa abin da na rubuta wannan makon.

Na karanta masa. Yadda shekara take gudu.

Bai tambaye ni ina aka kai ba. Ba ranar ba, ba makon da ya biyo ba.

Barka, malam marubuci. Idan ka iso nan ka ci nasara. Wanda zai karanta ba ya gani, littafi yana saman kabad cikin leda biyu, ko ƙwarzane babu. Na koma gida ranar na zauna a tebur ɗin nan da kafinta ya gyara, ban yi fuskar kowa ba. Kunya ce kawai, irin wadda ba ta barin mutum ya haɗiye abinci.

Mataki na tara: Idan an ce ka kawo, ka kawo

Bazara ta zagayo. Yaya ta kira ni a waya, ba gaisuwa. "Baba ya ce ranar Asabar ka zo da littafin. Tunda ba zai gani ba, zai saurara."

Kada ka firgita. Yi lissafi irin na masu ilimi: makaho ba ya ganin farin shafi. Sauko da littafin, cire leda, murza bangon da tafin hannu don ya yi kamar ya sha aiki, ɗora kofin shayi a kai ya bar zobe. Ni har kusurwa ɗaya na lanƙwasa.

Asabar da hantsi muka zauna a inuwar tsakar gida. Baba a kujerarsa, ni a tabarma, Yaya tsaye a bayana. Na buɗe shafin farko. Na ji ta ja numfashi, domin ita tana gani. Na jira ta tona. Ba ta tona ba.

Na gyara murya na fara karanta abin da babu. Na yi niyyar in jero irin kalmomin jarida, uwa ta gari, mai haƙuri, mai son zumunci. Amma da na buɗe baki, jimlar damina ce ta fito, wadda na kora da tsani da ƙusa. Tukwanen Inna ƙarƙashin yoyo. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na faɗi yadda take zama a ƙofar shago da rana tana zura masa zare a allura goma ta soke su a jikin matashi, don kada ya tsaya. Yadda ba ta iya karatu ba amma take shinshina kowane littafi ta faɗi ko gidan mai shi akwai yara. Yadda take kiransa Mai Gam idan ta yi fushi, kuma da shi take kiransa idan ta huce. Ina magana ina juya shafi, kamar yadda masu karatu suke yi.

Na fi awa guda. Yaya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Baba bai motsa ba.

Mataki na goma: Kada ka miƙa wa maɗinki littafin da ya ɗinka

Wannan shi ne matakin da ni kaina na faɗi a kansa, don haka ka buɗe kunne.

Da na rufe, Baba ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni in taɓa."

Na ba shi. Ya ɗora a tafin hannu ya auna. Ya matse shi, ya bi bakin da babban yatsa, ya buɗe tsakiya ya shafa bayan shafi ɗaya.

"Littafin da aka rubuta ba ya rufuwa haka," in ji shi. "Kumbura yake yi. Biro yana barin sawu a bayan takarda, ko yaya hannun yake da laushi. Kuma ni na datse bakin nan. Shafukan suna manne da juna har sai an raba su, kuma suna yin ƙara ranar da aka fara raba su. Tun shafin farko nake ji."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka tsayar da ni ba?"

"Uwarka nake saurare. In tsayar da kai in ji wa?"

Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce ba komai. Shekara guda ina shirya wa wannan "ba komai" ɗin wuri.

"Na so in gan ta da idona a rubutunka," ya ce. "Wannan ya wuce, kuma kai ka bari ya wuce. Ba zan ce maka ba komai ba, don da komai."

Ni dai hawaye nake, ban ɓoye ba, ba kuma wanda zan ɓoye wa.

Sai ya miƙo mini littafin. "Amma yatsuna suna nan. Abin da ka faɗa ɗazu, zauna ka rubuta shi. Ka danna biro da ƙarfi. Duk Asabar ka kawo in shafa."

Na ce ban zo da biro ba. Wallahi haka na ce, ni mai biro takwas.

Yaya ta zazzage jakarta, ta ciro wani tsohon biro da aka tauna gindinsa, ba shi da murfi, ta cusa mini a hannu. Ana zafi, hannuna yana gumi, ba tebur, a kan gwiwa na rubuta. Haka aikin shekara guda ya lalace cikin minti ɗaya.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan jagora ba shi da alhakin komai. Idan ka bi matakan nan ka yi nasara, nasararka ce, kai za ka zauna da ita. Idan wanda yake jiranka ya daina tambaya, kada ka nemo ni. Idan idonsa ya riga ka, ko shi kansa ya riga ka, ba a dawo da wata goma sha biyu, kuma ba ofishin da ake kai ƙara. Alkawarin farin shafi da na yi maka a sama ma na janye shi, tunda ni kaina ina shafi na arba'in da ɗaya, lamba ta gaske, ana iya shafawa.

Haka kuma ba ruwana da abin da yatsun tsoho za su gano. Asabar ɗin da ta wuce Baba yana bin bayan shafi na talatin da tara, inda na rubuta ranar da aka kai Inna asibiti, sai yatsansa ya tsaya a wani wuri da takardar ta ɗan tattare.

Ya ce, "Nan ruwa ya ɗiga?"

Na ce, "Rufin ɗakina ne, Baba. Yana yoyo."

Wata biyar rabon da a yi ruwa.

Ya ƙara shafa wurin, ya ce, "To."